Farantin Spode "Blue Italian": a juya bayansa kafin a biya

Tun 1816 kamfanin Spode na Stoke-on-Trent a Ingila yake buga wannan zane, kuma har yau ana yinsa: kangon tsohon gini irin na Italiya, kogi a gefe, mutane da dabbobi a bakin ruwa, duk da shuɗi a kan fari. A cikin tsofaffin farantan ado masu hoton wuraren tarihi, da shi ya kamata mai sha'awa ya fara, don yana samuwa kuma bayansa yana faɗin shekarunsa.

Ba da hannu ake zana shi ba. A da, a kan faifan jan ƙarfe ake sassaƙa hoton, a shafa launi haɗe da mai, a ɗauke shi da siririyar takarda, a manna a jikin faranti, a wanke takardar, sannan a yi masa rufin ƙyalli a gasa. Shi ya sa launin ba ya gogewa, a ƙarƙashin ƙyallin yake. A duba gefen da kyau, sau da yawa za a ga inda bakin takardar ya haɗu, zanen ya ɗan kauce. Wannan ba aibi ba ne, shaidar aikin ce.

Tambarin baya shi ne magana. "Copeland & Garrett", sunan masu kamfanin a lokacin, na nufin 1833 zuwa 1847. Daga 1847 sunan Copeland ke fitowa, sai a 1970 aka koma Spode. In akwai kalmar "England", to daga 1891 zuwa sama ne, komai rantsuwar mai sayarwa.

Mafi yawansu kuma ba tangaran na ainihi ba ne, yumɓu ne mai kauri. A ɗaga shi saitin fitila: tangaran yana barin haske ya ratsa, wannan ba ya bari. Kada a biya kuɗin wancan a kan wannan.

Nan ne ma rauninsa yake. Yumɓun na shan ruwa, in ƙyallin ya yi ƙananan tsage kamar saƙar gizo, maiƙo ya shige ya bar tabo ruwan ƙasa. A ƙwanƙwasa shi da farce: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyen tsagu sai ya yi "ƙwas" ya tsaya. A shafa yatsa a baki, inda aka yi gyara yakan fi laushi, ƙyallinsa a dushe.

Wanki da hannu, ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu, a shimfiɗa tawul a ƙasan roba. Ban da bilic ko kusa: yana shiga tsagen ya zama gishiri, daga baya ya ɓamɓare ƙyallin. Maratayin waya mai sifirin yana cizon baki, musamman a faranti mai faɗin santimita 27. Gara a jingina shi a kan mazaunin katako cikin kabet, nesa da rana da ƙurar hunturu.