Kafin ka biya kuɗin kifin mandarin a Gombe: wane kifi, wane abinci?

Wani abokina da ke Tudun Wada ya kira ni kwanakin baya, murya ƙasa-ƙasa kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Malam, kifin nan fa ya ƙi ci. Na zuba masa felet, busasshen abincin nan na kifi mai ƙwaya-ƙwaya, na zuba masa daskararren abinci, kallo kawai yake yi ya wuce." Na ce, "Alhaji, yaushe ka kafa akwatin gilashin da kake kiwonsa a ciki?" Ya ce wata biyu. Nan na gane inda gizo ke saƙa.

Mandarin, wanda masana ke kira Synchiropus splendidus, ɗan dangin kifayen da ake kira diragonet ne, daga yammacin tekun Fasifik, tun daga tsibiran Ryukyu na Japan har zuwa Ostireliya. Tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ko 8 ba, jikinsa shuɗi da ruwan lemo kamar atamfar sallah. Matsalarsa baki. Yini yake yi yana tsince-tsince a jikin duwatsu kamar kaza a tsakar gida, yana ɗaukar wasu mitsi-mitsin halittun ruwa da ake kira kofifod ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba ya motsi, a wurinsa ba abinci ba ne. Sabon akwati kuwa ba shi da kofifod ɗin da za su riƙe shi, shi ya sa masu kiwo ke cewa a bar akwati ya yi wata shida zuwa shekara da duwatsu masu rai, wato duwatsun ruwan teku da ƙananan halittu ke rayuwa a jikinsu, kuma kada ya gaza lita 110. Ni na fi natsuwa da lita 200 zuwa sama.

Zaɓin farko kifin ne kansa. Wanda aka kamo daga teku ya fi araha, shi ne kuma aka fi samu wurin masu shigo da kifi a Legas. Arahar nan ba ta ado: wani zai koyi cin abincin hannu cikin makonni, wani kuma har ya rame ya mutu ba zai kalle shi ba. Wanda aka ƙyanƙyashe a gona, irin na kamfanin ORA da ke Fulorida a Amurka ko na Biota da ke Palau, da abincin hannu ya tashi. Yakan zo ƙarami, da tsada, kuma sai ka yi oda ka jira. Duk da haka, ga mutumin Gombe da babu shagon kofifod a bayan gidansa, shi nake ba da shawara. Akwai kuma ɗan'uwansa mai zane-zanen zobe, Synchiropus picturatus, da wani mai launin ƙasa-ƙasa, Synchiropus ocellatus, wanda ake kira sikuta. Sikuta bai kai mandarin kyau ba, amma masu kiwo sun san ya fi saurin karɓar daskararren abinci. Wanda bai taɓa riƙe diragonet ba, ba laifi ya fara da shi. Kada dai ka haɗa maza biyu na mandarin a akwati ɗaya, faɗa za su yi. Namiji ana gane shi da doguwar ƙaya a farkon fiffiken bayansa.

Sai abinci, kuma a nan wuta da zafi ne ke yanke hukunci, ba aljihu kaɗai ba.

Kofifod mai rai shi ne tuwon gidansu. Iri biyu aka fi sayarwa a kwalba. Tigriopus manya ne, jajaye, suna iyo da fizga-fizga a fili, don haka nan da nan ake cinye su. Amfaninsu suna da juriya, za ka iya renonsu a bokiti daban. Tisbe ƙanana ne, suna ɓuya cikin duwatsu su hayayyafa a cikin akwatin. Idan ɗaya za ka saya don akwati, Tisbe ne. Amma kwalbar da ta kwana a mota daga Legas a watan Afrilu, ɗaga ta ka haska da tocila kafin ka yi murna. In ba ka ga motsi ba, ruwan gishiri ka saya.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne atimiya, wani ɗan mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri, kuma Allah ya sa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Masu ƙyanƙyasar tarwada, irin waɗanda ke wajen Dadin Kowa, da shi suke fara ciyar da jariran kifi. Busasshen ƙwai ne a gwangwani, ba ruwansa da firiza in dai an rufe shi a wuri mai sanyi da bushewa. Ka samo gorar ruwa, ka zuba lita ɗaya da gishiri giram 25 zuwa 30, da rabin ƙaramin cokali na ƙwan, ka sa famfon iska. A zafin digiri 26 zuwa 28, cikin kamar awa 24 sun ƙyanƙyashe. Da hunturu sukan ɗan ƙara lokaci. Kashe iskar, ɓawon zai taso sama, 'ya'yan kuma su taru inda ka haska, sai ka zuƙe su da sirinji. A ba kifi da wuri, tun ƙwanduwar da ke jikinsu ba ta ƙare ba.

Ga inda ake tuntuɓe. Akwai ƙwan atimiya da aka cire wa ɓawo aka busar, shi ne da yawa daga masu tarwada ke saya don ana zuba shi kai tsaye. Wannan galibi ba ya ƙyanƙyashewa. Wani dattijo mai ƙyanƙyasa da na je wurinsa ya yi mini dariya, ya ce, "Yaro, ai tarwada ba ta tambayar ko abinci na numfashi." Na ce, "Baba, nawa kifin sai ya ga yana gudu." Don haka ka faɗa wa mai shago ƙarara cewa mai ƙyanƙyashewa kake so. Kuma atimiya gada ce, ba masauki ba. Ita kaɗai ba ta da wadataccen mai da kifin teku ke buƙata na tsawon lokaci.

Daskararren abinci, wato ƙananan jatan lande da ake kira maisis, da saikulof (wani irin kofifod), da ƙwan kifi, ya fi gina jiki. Amma in firizarka ba ta kan sola ko inbata, manta da shi. Abin da ya narke ya sake daskarewa sau uku, ruwanka kawai zai ɓata. Farar tsutsar da Turawa ke yabo ma sanyi take so, ƙasa da digiri 20. Zafin Gombe zai gama da ita, sai dai ƙaramar 'yar'uwarta girindal da ta fi jure ɗumi.

Felet shi ne inda ake son a kai. Nemi na kifin teku mai nitsewa, rabin milimita zuwa milimita ɗaya, irin TDO Chroma Boost ko ƙananan New Life Spectrum. Na tarwada da ke kasuwa, ko da ƙarami ne, ba don wannan aka yi shi ba.

Koyarwar kanta haƙuri ce. Ka kwantar da ƙaramar kwalbar gilashi a ƙasan akwati, wadda mandarin zai shiga amma manyan kifaye ba za su iya ba, domin shi mai nawa ne, kafin ya gama nazarin loma ɗaya wasu sun share kwano. Kashe famfon akwatin, ka zuba atimiya mai rai a ciki da dogon bututu, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, sau biyu ko uku a rana. In ya saba zuwa, sai ka fara cakuɗa daskararre ko felet kaɗan, kana rage mai rai sannu a hankali. Abin da ya rage bayan rabin awa a zuƙe shi. Ko ya koya, kada ka daina renon kofifod, don tsakanin ciyarwa da ciyarwa tsince-tsincensa zai ci gaba.

Kafin ka tura kuɗi Legas, ka ce mai sayarwa ya aiko maka da bidiyon kifin da zai ba ka yana haɗiye abinci, ba yana shinshinawa ba, kuma ya nuna maka gwangwani ko fakitin abincin don ka sayi irinsa. Dubi cikin kifin ta gefe. In ya lotse kamar an matse shi da yatsu, bar masa abinsa. Alhajin Tudun Wada dai yanzu gora biyu yake juyawa a kan tagar ɗakinsa, ɗaya ta safe ɗaya ta yamma, uwargida kuma ta kafa masa doka cewa kada ta sake ganin cokalin shayinta a wurin.