Yawon tarihi na Palmyra: ya biya kuɗinsa, amma da gaggawa a ƙarshe

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na bi wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido daga Rochester zuwa Palmyra, a jihar New York, inda Joseph Smith, wanda ya kafa cocin Mormon, ya taso. Motar ta makara kusan minti arba'in, ga sanyi, har na fara cizon yatsa. Sai da jagorar tamu, wata dattijuwa mai sanyin magana, ta buɗe baki, sannan na huce.

Abin da ya kai ni shi ne labarin dutsen duba. An ce Smith ya tsinci wani dutse mai ruwan ƙasa wajen haƙar rijiya a kusan 1822, ya riƙa sa shi cikin hula yana kifa fuska don ganin abin da ke ɓoye. A 1825 wani manomi, Josiah Stowell, ya ɗauke shi aikin neman azurfa, a 1826 kuma aka gurfanar da shi gaban alƙali a Bainbridge kan wannan sana'a. Duk ba ta ɓoye mana ba.

Inda ta burge ni shi ne da ta nuna cewa a wurin mabiyan Smith dutsen ba shi da ƙarfin kansa. Baiwa ce daga Allah, yana iya janye ta. A 1828, bayan Martin Harris, mai rubuta wa Smith, ya ɓatar da shafuka 116 na Littafin Mormon, wanda Smith ya ce da wannan baiwa yake fassara shi, an ce an ɗauke wa Smith baiwar na ɗan lokaci. David Whitmer, ɗaya daga cikin mabiyansa na farko, shi ma ya ba da labarin ranar da Smith ya saɓa da matarsa Emma, ya kasa ganin komai a dutsen, sai da ya fita ya yi addu'a, ya dawo ya nemi afuwarta. Nan na tuna masu duba na gida da ke cewa aiki ba ya ci sai da tsarki.

Ƙorafina ɗaya: ta ratsa batun Hiram Page, wani mabiyin Smith, da gudu. Shi ma yana da dutse, amma a 1830 Smith ya ce Shaiɗan ne ke ruɗarsa. To wa ke tantance baiwar gaskiya? Na tambaya, ta dubi agogo, muka wuce ɗakin buga littattafai na Grandin, inda aka buga kwafi 5,000 na Littafin Mormon. Mai zuwa ya riƙe rigar sanyi da tambayoyinsa a rubuce.