Ejan bizar karatu ta Birtaniya: layi ɗaya a CAS ya jawo asarar fam 1,024

Ba zan kama sunan kamfanin ba. Masu irin wannan aikin sun yi yawa, kuma abin da suke sayarwa kusan ɗaya ne: su nema maka gurbi a jami'a, su bi maka CAS (shaidar da jami'a ke bayarwa cewa ta ba ka gurbi), su cike fom ɗin biza, su kama maka ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu. Fayil ɗaya nake magana a kai, na 2025, digiri na biyu na shekara 1 a wata jami'a da ke wajen Landan. A wajen neman gurbi ba su da laifi. Suna ɗaga waya, suna amsa saƙo, sun tura ɗalibi gwajin tarin fuka a asibitin da hukumar Birtaniya ta amince da shi, kuma sun lura cewa takardar gwajin wata 6 kawai take yi, don haka ba su sa an yi shi da wuri ba. Da a nan aikin ya tsaya, tauraro huɗu zan ba su ba tare da wani tunani ba.

A wajen shaidar kuɗi abin ya lalace, alhali saboda ita ce akasarin mutane ke ɗaukar eja tun farko.

Bizar ɗalibi maki 70 ce: 50 na CAS, 10 na Turanci, 10 na kuɗi. Ba a yafe ko ɗaya. Na kuɗin kuwa lissafi ne zalla, babu roƙo babu bayani. Ana so ka nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, ka ɗora kuɗin zama na wata 9 a kai. A lokacin, kuɗin zama fam 1,136 ne a wata ga na wajen Landan, fam 1,483 ga na cikinta. An ƙara su a Nuwamban 2025 zuwa 1,171 da 1,529, don haka wanda zai nema yanzu ya duba adadin ranar da zai biya, kada ya dogara da tsohuwar takardar da eja ya buga ya ajiye a durowa. A wannan fayil ɗin, kuɗin makaranta fam 16,000 ne, an biya 4,000 kafin alƙalami, saura 12,000. Ka haɗa da 10,224 na zama, ya kama 22,224. Abin da ke asusu ya kai kimanin 23,000, ya kwana 28 cur bai sauka ba ko da rana ɗaya, kamar yadda doka ta nema. Komai daidai, in dai hukuma ta san an biya waccan 4,000 ɗin.

Ba ta sani ba. CAS ba takarda ba ce da ake bugawa a riƙe, rajista ce da jami'a ke shigarwa a kwamfutar hukuma, sai ta turo wa ɗalibi lambar da kwafin abin da ta rubuta. A cikin kwafin akwai layuka biyu a jere, ɗaya na kuɗin makaranta na shekara, ɗaya na abin da aka riga aka biya. Na biyun sifiri yake nunawa, saboda an fitar da CAS kafin ofishin kuɗi na jami'a ya shigar da biyan. Gyaran ba ya wuce imel ɗaya: a roƙi jami'a ta sabunta rajistar, ko ta ba da rasiti nata na kanta mai nuna adadin. Doka ta yarda da ko wanne cikin biyun nan. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne abin da ejan ya ɗora, wato takardar da banki ke bayarwa bayan an tura kuɗi. Wannan shaida ce cewa kuɗi sun fita daga hannunka, ba shaida ba ce cewa jami'a ta karɓa ta rubuta a sunanka. Jami'in da ya duba fayil ya yi lissafinsa a kan 16,000 cikakku, ya samu ana bukatar 26,224, asusu ya gaza da fiye da 3,000. Cikin mako 3 amsa ta fito: an ƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwafin CAS ɗin ya kwana 9 a hannunsu kafin su biya kuɗin fom. Shafi ɗaya da rabi ne. Mutumin da sana'arsa ke nan, abu na farko da idonsa zai sauka a kai shi ne suna da lambar fasfo, na biyu ranar fara karatu, na uku waɗannan layuka biyu na kuɗi. Jerin takardun da suka raba wa ɗalibai ya rubuta "shaidar biyan kuɗin makaranta" kawai, bai ce daga wa ba. Ɗalibin da bai taɓa nema ba, ina zai san bambancin?

Ga abin da ƙin biza ke ci, domin ejan bai faɗe shi tun farko ba. Kuɗin fom, fam 524 a lokacin, ba ya dawowa. Kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da fom yana dawowa amma ba nan take ba, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne: fam 776 a shekara, ana lissafa shi da tsawon bizar ba na karatun ba, shi ya sa digirin wata 12 ke kama 1,164, tunda akwai wata 1 kafin farawa da wata 4 bayan gamawa, wata 17 ke nan da ake lissafawa shekara ɗaya da rabi. Za ka sake biyan wani kafin na farko ya dawo. CAS ɗin da aka yi amfani da shi ya mutu, sai jami'a ta ga dama ta ba da sabo, kuma ba dole ba ne ta bayar, don yawan ƙin biza ga ɗalibanta yana taɓa lasisinta na ɗaukar ɗaliban waje. Sannan duk fom ɗin bizar da za ka cike nan gaba, da wuya ka tsallake tambayar ko an taɓa hana ka.

Shawararsu ta farko bayan amsar ita ce a nemi sake duba hukuncin, fam 80, cikin kwana 28. Wannan ma kuskure ne. Waccan hanyar ta kuskuren jami'i ce, ba ta kuskuren mai nema ba, kuma a ƙa'ida ba a karɓar sabuwar shaida a cikinta. Jami'in nan bai yi kuskure ba, abin da aka ba shi ya karanta. Da an bi ta, ranar ƙarshe ta yin rajista a jami'a za ta wuce ana jira.

Adalci shi ne in faɗi inda suka yi ƙoƙari. Da aka ƙi shawarar, sun matsa wa jami'a har sabon CAS ya fito cikin mako guda, da 4,000 ɗin a rubuce. Sun kuma tuna abin da mutane da yawa ke mantawa: ranar ƙarshe ta kwanaki 28 da kuɗi ke yi a asusu dole ta faɗo cikin kwana 31 kafin ranar nema, kuma ranar nema ita ce ranar da aka miƙa fom a intanet aka biya, ba ranar zuwa ɗaukar yatsu ba. Tsohon bayanin asusun ya tsufa, suka sa aka ciro sabo. Sun sake lissafi da farashin canji na shafin intanet na OANDA, wanda shi hukuma ke amfani da shi a ranar nema. Duk wanda kuɗinsa ba a fam suke ba ya bar rara mai kauri, don kuɗin da suka isa ranar farko na iya gazawa ranar nema ba tare da an taɓa su ba. Kuma ba su taɓa kawo zancen aron kuɗi a zuba a asusu ko gyara bayanin banki ba, wanda idan aka kama shi, hani ne da kan kai shekara 10. Na yaba musu a nan, har na fara tunanin tauraro uku.

Sai dai lokaci ya ƙure, dole aka ƙara fam 500 na duban gaggawa, wanda ake sa ran amsarsa cikin kwana 5 na aiki. Da 524 na farko, 1,024 ke nan suka tafi a kan layin da ba a karanta ba. Da aka yi musu maganar su ɗauki ko rabi, sai suka nuno sakin layi a yarjejeniya mai cewa hukuncin biza ba a hannunsu yake ba. Gaskiya ne, hukunci ba nasu ba ne. Amma duba takarda nasu ne, shi aka biya su su yi. Tauraro biyu, kuma na biyun don sabon CAS ɗin ne.

Wani abin da jerin nasu ya yi shiru a kai, kuma zai kayar da wasu: asusun da ake karɓa na ɗalibi ne ko na mahaifi ko mahaifiya ko wanda kotu ta ba riƙo, ko na miji ko matar ɗalibi in yana Birtaniya ko tare suke nema. Na kawu, na yaya, na kamfanin baba, duk ba sa shiga, komai yawan abin da ke ciki. In na iyaye ne, sai an haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Hannun jari da katin bashi ba kuɗi ba ne a wurinsu. A ofishin na ji ma'aikacinsu yana ce wa wata, "Hajiya, ki kawo na duk wanda ke ɗaukar nauyinsa," bai ƙara komai ba.

Bizar ta fito a karo na biyu. Tun Yulin 2025 ba a manna wa ɗalibi sitika a fasfo, bizar tana cikin wani asusu na intanet da ake haɗawa da fasfo, kuma daga cikinsa ake ciro lambar da mai gidan haya da mai ba da aiki ke tambaya. Ejan ya buɗe asusun da imel ɗin kamfani da lambar wayar ma'aikacinsu, don haka duk lambar sirri ta shiga wayarsu take zuwa. Sai da aka yi kira 4 cikin kwana 6 kafin aka samu wanda wayar ke hannunsa ya zauna aka sauya su zuwa na ɗalibin, saura kwana 3 jirgi ya tashi.