Buga suna a jikin leda ko manna sitika?

Masu kilishi na Area 1 da mata masu ƙulla garin kunu a Kubwa, duk a Abuja, sun sha tambayata: a buga suna a jikin ledar, ko a manna sitika?

Ta fuskar kuɗi, sitika ta fi sauƙin farawa. Masu ɗab'i a Garki za su buga muku ko guda ɗari ne, in lambar waya ta canza ku sake. Bugun leda kuwa kowace kala sai an yi mata farantinta, wato zanen da inji ke buga ta da shi, kuma masana'anta ba ta tayar da inji don ɗan kaɗan. Amma da zarar an biya kuɗin faranti, oda mai yawa arha take faɗowa, ga hutun mannawa ɗaya bayan ɗaya.

Inda na fi damuwa shi ne ƙarko. Leda santsi gare ta, tawada ba ta kama ta sai an bi fuskarta da tartsatsin lantarki kafin bugu. In aka tsallake wannan, farce ma kankare rubutun yake. Kafin ku karɓi kaya, ku manna salatif ku fizge. In kala ta biyo shi, ku mayar. Ita kuma sitikar takarda, maiƙo da raɓar firij ke ɓamɓare ta.

Mai gwada kasuwa ko mai kaya iri-iri, sitika ta ishe shi. Wanda ya samu lambar NAFDAC kuma cinikinsa ya zauna, bugun leda ya fi masa.