Rediyon jaka bakwai da na sayo wa Baba

A babbar kasuwar Maraɗi na saye ta, 'yar Sin ce mai farantin hasken rana a baya, da tocila, da gajeren zango. Cajin ranar ne ya ja ni, don tun lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 na daina yarda da abin da sai an jona shi a bango. Idan ta wuni a kan katanga, tana kai mu har bayan isha'i.

FM ɗinta tangaran. Gajeren zangon kuwa sai da haƙuri: maɓallin ya yi laushi, ka taɓa kaɗan ka tsinci kanka a tashar Larabawa. Eriyar ta karye a wata na biyu, na ɗaura mata waya na maƙala a tagar Baba. Amma ranar da aka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, bayan RFI da aka rufe tun Agustan 2023, wannan wayar ce ta fisshe mu, don ta gajeren zango muka ci gaba da kama su.

A gabanta Baba da Kawu, wanda ya daɗe a Kano, suke gardamarsu. Kawu ya ce soja duk soja ne. Baba ya ce sam, kada a haɗa masa Seyni Kountche, sojan da ya mulki Nijar, da Abacha: Kountche yakan faɗo ofis ba sanarwa ya kama masu makara, Abacha kuwa kuɗin ƙasa ya kwashe zuwa Suwizalan, ya rataye marubuci Ken Saro-Wiwa a 1995. Kawu ya ce, “To Yaya, daga 1974 zuwa 1987, zamanin Kountche, gidan rediyo nawa kuke da shi?” Baba ya yi shiru, don Muryar Sahel ce kaɗai, kuma shi da bakinsa ya ba mu labarin yadda ake rage murya a majalisa saboda 'yan leƙen asiri.

Ni dai na fi karkata ga Baba, halinsu ba ɗaya ba ne. Sai dai Buhari ma a 1984 'yan jarida biyu ya ɗaure da Doka ta 4, Tandja na Nijar kuma, ba kaki a jikinsa, ya rusa majalisar dokoki a 2009 don tazarce.

Wanda zai saya ya gwada gajeren zangon a gaban mai shago, ya kuma tanadi waya mai tsawo. Lasifikar tana shaƙewa idan an ƙure ta, amma Baba a kunne yake kara ta.