Mobil 1 0W-20 a injin Corolla: abin da na gani bayan na bar mai kauri

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2014 mai injin 1.8, kuma a jikin murfin da ake zuba baƙin mai an rubuta 0W-20 ɓaro-ɓaro. Amma lokacin da ta zo hannuna 20W-50 ake ɗura mata, wai mai kauri ne ke jure zafi. Na mayar da ita kan Mobil 1 0W-20, na yi mata juye da shi ba sau ɗaya ba, don haka ina da ta cewa.

Abin da na fara lura da shi shi ne ƙarar safe. A da in na tayar da ita sai injin ya ɗan yi kakat-kakat kafin ya natsu. Yanzu kusan babu wannan. Dalilin yana cikin lambobin nan da ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta tsara. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudana injin yana sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa ne a zafin digiri 100 na Salshiyas. Mai 0W yana saurin hawa saman injin, shi kuwa 20W kafin ya iso ƙarfe ya riga ya gogi ƙarfe. Ga shi injin nan yana da tsarin VVT-i, wanda matsin mai ne ke bi ta 'yan ƙananan hanyoyi ya daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul. Da tsinkakken mai aka ƙera shi ya yi aiki.

Batun zafin gari kuwa, lagireto da tamostat ne ke riƙe zafin injin a wajen digiri 90, ko ana rana ko ana sanyi. Tun da na canza, allurar zafi ba ta taɓa wuce inda ta saba tsayawa ba. Shan fetur ya ɗan ragu, amma ba ragin da zan yi wa kowa alkawarinsa ba.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne lokacin juye. A Amurka kamfanin Toyota ya ce da irin wannan mai motar na iya yin mil 10,000, wato wajen kilomita 16,000, ko wata 12. Sai dai shi ma ya rage zuwa mil 5,000, wajen kilomita 8,000, ko wata 6, ga motar da ke shan ƙura, ko yawan tsayawa injin na sulo, ko gajerun tafiye-tafiye cikin tsananin sanyi. Tawa tana shan ƙura da cunkoso, shi ya sa a kilomita 8,000 nake tsayawa, kuma filta ba ta kwana biyu: duk juye da sabuwa. Gajeriyar tafiya ma tana cin mai fiye da yadda ake zato, domin injin ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone laima da ɓurɓushin fetur da ke sauka cikinsa. Baƙin da man ke yi kuma ba ya tayar mini da hankali, dattin da ya wanko ne yake riƙe da shi.

Ban ce kowa ya zuba 0W-20 ba. Injin da ringinsa ya gaji zai iya shanye tsinkakken mai ya riƙa hayaƙi, kuma akwai motocin da littafinsu 5W-30 ko 10W-40 ya nema. Mai irin wannan mota ya bi littafinsa. Ni dai a tawa na gamsu, zan ci gaba da shi. In zan saya nakan duba alamar API SP, matakin ingancin baƙin mai da cibiyar man fetur ta Amurka (API) ta fito da shi a 2020, in tabbatar hatimin bakin galan bai taɓu ba, sannan lokaci-lokaci in zaro sandar awo injin yana kashe, motar na tsaye a wuri mai daidai.