Littafin atisayen Turanci da na saya a Wunti ya ɓata mana rai

Ƙanwata ce za ta zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a, bana, kuma Turanci ne ke ba ta wahala, musamman juya jimla daga aktif (inda mai aikin ke zuwa a gaba) zuwa fasif (inda abin da aka yi wa aikin ke zuwa a gaba). Kun san cikin tambayoyi 180 na jarrabawar, 60 na Turanci ne, ba abin da za a yi wa sakaci ba ne. Shi ya sa na saya mata littafin nan na atisayen tensis (lokutan aikatau) mai koren bango a wurin masu littattafai a kasuwar Wunti da ke Bauchi.

Gaskiya farkonsa ya burge ni. Ya bi tensis 12 ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa a fasif kalmar "be" ce ke sauyawa da lokaci, aikatau kuma ya tsaya a sigarsa ta uku: "is written", "was written", "has been written". Ya kuma ja kunne a kan kuskuren da yaranmu suka fi yi, irin su "the accident was happened", domin "happen" da "arrive" ba sa ɗaukar karɓau (abin da aikin ke faɗa wa), ba a juya su. Har na fara tallata shi ga maƙwabta.

Amsoshin da ke bayan littafin ne suka rusa komai. Yarinyar nan ta zauna bayan sallar Isha ta gama atisayen babin fasif, ta buɗe baya don ta duba, sai ta ga kusan babu wanda ta ci. Ta same ni idonta cike da hawaye tana cewa, "Yaya, ni dai Turancin nan ba zai taɓa shiga kaina ba." Na karɓa na duba. An ba ta "They are repairing the road", ta rubuta "The road is being repaired". Daidai ne, babu ko tantama. A baya kuwa wata jimla ce daban a gaban lambar. Sai da na bi su a hankali na gane an tsallake amsa ɗaya wajen bugawa, duk na ƙasa suka goce daga lambobinsu har ƙarshen babin. Yarinyar da ta yi ƙoƙari aka sa ta raina kanta! To yaron da ke karatu shi kaɗai a Darazo ko Ningi, ba mai duba masa, ya zai yi? Sai dai ya soke daidai, ya rasa inda ya kuskure.

Na mayar wa mai shagon, ya ce shi sayarwa kawai yake yi, kuma an riga an yi rubutu a ciki. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Da na huce na ce a bar shi, tunda atisayen kansu suna da kyau kuma suna da yawa. Sai ga wani abin haushi a gaba: shafi guda ana tilasta wa ɗalibi ya juya jimloli irin "She has been cooking rice", alhali da ƙyar za ka ji Baturen da ke cewa "has been being cooked". Ɓata lokacin yaro ne kawai, ga jarrabawa ta matso.

Mai malamin da zai riƙa yi masa maki zai iya saya, amma ya yage shafukan amsar ya jefar. Wanda ba shi da malami kada ya ɓata kuɗinsa. Ni kam yanzu kowane dare sai na zauna na duba mata da kaina.